Aikin Mai Masaukin Zango a Dazuzzukan Amurka: Sa Kai ga Hukuma, Aikin Kamfani, ko Gandun Jiha?

A Amurka, da zarar watan Mayu ya kusa ƙarewa, dubban mutane, yawancinsu 'yan fansho, sukan ja motocinsu na kwana su nufi daji su zauna wata uku ko huɗu. Aikinsu shi ne zama masu masauki a zangon 'yan yawon buɗe ido: su tarbi baƙi, su duba wanda ya biya kuɗin gurbi, su tsabtace wuri, su kai rahoto in wani abu ya taso. A madadin haka ana ba su gurbin da za su ajiye mota ba tare da biyan ko sisi ba. Wannan bayani na wanda ke zaune a can ne da takardunsa, ya gama aiki ko yana da rani guda a hannu, kuma ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa, domin ƙofofin sun fi ɗaya, kuma abin da ke bayansu ya bambanta ƙwarai.

Abu na farko da ke rikita sabon shiga shi ne, zango biyu na iya kasancewa cikin daji ɗaya, tafiyar minti goma tsakaninsu, amma mai masaukin wannan ɗan sa kai ne na gwamnati, mai masaukin wancan kuma ma'aikacin kamfani ne da ke karɓar albashi. Saboda haka sunan dajin ba ya gaya maka komai. Tambayar da za ka fara yi ita ce, wa ke riƙe da zangon?

Ma'aunin da za a bi

Na ɗaya, kuɗi: me zai shigo aljihunka, me kuma zai fita. Na biyu, gurbin kansa: akwai wutar lantarki, famfo, da bututun da za ka juye ƙazantar motarka, ko kuwa fili ne kawai da teburi? Na uku, nauyin aiki da yawan sa'o'i. Na huɗu, tsawon zama, da ko za ka iya komawa baɗi. Na biyar, sauƙin samu. Na shida, haɗari, da wanda zai tsaya maka in ka ji rauni ko rigima ta tashi.

A ra'ayina na biyu ya fi duk sauran nauyi, kuma shi mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mutum zai ga hoton tafki da duwatsu ya ce ya amince, sai ya isa ya tarar famfo mafi kusa yana da nisan kilomita ashirin.

Sa kai kai tsaye ga Hukumar Dazuzzuka

An kafa Hukumar Dazuzzukan Amurka a 1905, tana ƙarƙashin Ma'aikatar Noma, kuma tana kula da dazuzzukan ƙasa 154 da filayen ciyawa 20. Faɗinsu gaba ɗaya ya kai eka miliyan 193, wato sama da kashi huɗu cikin biyar na faɗin Najeriya. Wata doka ta 1972 ce ta ba ta ikon ɗaukar 'yan sa kai. Ana tallan guraben a shafin Volunteer.gov, amma wanda zai yanke shawara a kanka yana ofishin gunduma, wurin malaman daji, kuma kiran waya zuwa can a watan Disamba ko Janairu ya fi cike fom ka zauna jira.

Albashi babu. Wasu gundumomi suna ba da ɗan kuɗin guzuri na rana, ko su mayar maka da kuɗin mai da na iskar gas, wasu kuma ba sa ba da komai. Ya danganta da kasafin gundumar a shekarar. Duk abin da aka yi maka alkawari, ka tabbata an rubuta shi a takardar yarjejeniyar sa kai, wadda ake kira OF-301a. Wannan takarda ba ta ado ba ce. Ita ce ke sa a ɗauke ka tamkar ma'aikacin tarayya a abu biyu: diyya in ka ji rauni a bakin aiki, da kariya in wani ya kai ƙara kan abin da ka yi cikin aikin da aka ba ka. Aikin da ba a rubuta a cikinta ba, kamar ka ɗauki zarton inji ka sare bishiyar da ta faɗi don neman lada, yana iya barinka kai kaɗai da asibiti. Akwai kuma ɗan tukuici: wanda ya tara sa'o'i 250 na sa kai ga hukumomin tarayya yana samun katin shiga wuraren shaƙatawa na tarayya kyauta na shekara guda.

Zangunan da hukuma ta riƙe a hannunta galibi ƙanana ne, na can ciki, waɗanda kuɗin shigarsu bai kai ya ja hankalin kamfani ba. Nan ne daɗin, nan ne kuma wahalar. Gurbi goma sha biyar ko ashirin, hanyar burji, babu layin waya, wani lokaci babu wuta sam, sai sola ko janareta. A Kolorado akwai zangunan da ke kan tsayin mita 3,000, inda ruwa kan daskare da asuba ko a watan Yuni, kuma mai hawan jini ko ciwon zuciya ya kamata ya ga likita kafin ya sa hannu.

Ga yadda safiya take. Ka zagaya da allo a hannu kana duba takardar da ke maƙale a sandar kowane gurbi, ka gane wanda ya biya da wanda ya shigo cikin dare. Ka shiga masai, wanda rami ne aka yi masa ɗaki da bututun iska, ka share, ka wanke bakinsa, ka sa sabuwar takarda, ka rufe murfin, domin in an bar shi a buɗe warin cikin ɗakin yake komawa maimakon ya bi bututu. Sannan murhun kowane gurbin da aka tashi: ka kusantar da bayan hannunka ga tokar, in da ɗumi ka kwara ruwa, ka juya da shebur, ka sake kwarawa har ta yi sanyi. Baƙi da yawa suna ganin in harshen wuta ya mutu shi ke nan, alhali garwashi na iya kwana a ƙarƙashin toka.

Ba ka da ikon cin tara ko korar kowa. Idonka da bakinka kawai ake so. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a yi shiru daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe, kuma kada baƙo ya wuce kwana 14. In wasu suka sha suka ƙure kiɗa da tsakar dare, za ka je sau ɗaya ka yi magana cikin lalama, in sun ƙi ka koma ka kira jami'in tsaro na daji ko ɗan sandan yanki, wanda zai iya ɗaukar sa'a guda ko fiye kafin ya iso. An rage ma'aikatan hukumar a 2025, don haka ka tambaya tun farko sau nawa malamin daji ke leƙowa a mako, kuma ko za a ba ka rediyon oba-oba.

Aikin albashi da kamfanin da ya karɓi zango

Manyan zangunan dazuzzukan ƙasa da dama ba hukuma ke gudanar da su ba. Tana ba kamfanoni izini na musamman su riƙe, su karɓi kuɗi, su yi gyara, ƙarƙashin wata doka ta 1950 da ta yarda a cire kuɗin gyaran daga abin da za su biya gwamnati. Irinsu American Land & Leisure da Vista Recreation suna ɗaukar masu masauki kowane rani. Nan kai ma'aikaci ne: ana biyanka bisa sa'a, ana cire haraji, kana da shugaba. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a sa'a tun 2009, amma jihohi irin su Kalifoniya, Washintan da Oregon sun ɗaga nasu ya ninka haka ko ya kusa, kuma galibi a kusa da wannan mafi ƙarancin albashin ake biya.

Abin lura shi ne yadda ake ƙirga sa'o'in. An saba kamfani ya ce wannan zango na sa'a kaza ne a mako, bisa yawan gurabensa, amma baƙo ba ya duba jadawali kafin ya buga maka ƙofa da ƙarfe tara na dare yana neman itacen wuta. Ka tambaya a fili: sa'ar da ta wuce ƙa'ida ana biya? Gurbin kyauta ne, ko ana cire wani abu daga albashi saboda shi? In kai da uwargida za ku je, mutum biyu ake biya ko ɗaya?

Aikin ya fi nauyi. Kai ke karɓar kuɗi, ka sayar da itace, ka daidaita lissafi, ka bi jerin waɗanda suka kama gurbi ta shafin Recreation.gov, ka wanke masai goma maimakon biyu, wani lokaci ka kula da zango biyu ko uku da motar kamfani. Ranar Juma'a da yamma zuwa Lahadi ba ka da hutu, musamman makon hutun 4 ga Yuli, ranar 'yancin kan Amurka. A ɗaya ɓangaren, guraben masu masauki a irin waɗannan wurare sun fi samun ruwa da wuta, samun aikin ya fi sauƙi domin kullum akwai wanda ya fasa, kuma wanda ya yi kyau ana kiransa baɗi. Sa'o'inka ba sa shiga lissafin katin 250 ɗin nan, tunda ba sa kai kake yi ba. Wanda ya fara karɓar fanshon gwamnati kafin ya cika shekarun ritaya ya duba iyakar abin da aka yarda ya samu a shekara, don kada a rage masa.

Gandun shaƙatawa na ƙasa

Wannan wata hukuma ce dabam, an kafa ta a 1916 ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida, ita ke riƙe da Yellowstone, Yosemite da sauran wurare sama da 400. Shirinta na 'yan sa kai ya samo asali daga dokar 1969, kuma kariyar da takardar iri ɗaya ce da ta dazuzzuka. Bambancin shi ne jama'a: ma'aikata suna kusa, jami'an tsaro suna kusa, akwai horo da riga mai tamba, amma baƙi ba sa yankewa, kuma tambaya ɗaya za ka amsa sau hamsin kafin azahar. Sa'o'in sukan fi na dazuzzuka yawa, har kusan na cikakken aiki a wasu wurare. Shahararrun wurare suna da masu nema fiye da kima, kuma tsofaffin hannu ne ke komawa. Sabon shiga ya fi samun dama a ƙananan wuraren da ba a san sunansu ba. Duk wata hukumar tarayya kuma tana iya tsayawa cik in majalisa ta kasa amincewa da kasafi, kamar rufewar kwana 35 daga Disamban 2018 zuwa Janairun 2019. Masu aikin rani ba su cika shiga wannan ba, domin shekarar kuɗi a ranar 1 ga Oktoba take farawa, amma masu aikin hunturu a kudu su sani.

Gandun jihohi

Ga wanda bai taɓa yi ba, nan nake ganin ya kamata ya fara. Kowace jiha da tsarinta, amma yawanci ana neman sa'a 20 zuwa 30 a mako, kuma wasu, kamar Oregon, suna karɓar alkawarin wata ɗaya tak. Wata ɗaya ya isa ka gane ko kai da iyalinka za ku iya zaman motar kwana mai faɗin mita biyu da rabi ba tare da kun gaji da juna ba. Guraben sun fi kyau, galibi da wuta da ruwa da bututun ƙazanta, akwai banɗakin wanka, gari na kusa, layin waya na kamawa, ma'aikata suna nan kullum. Albashi babu, guzuri ma da wuya, kuma sa'o'in ba sa shiga katin tarayya. Kariyar rauni ta danganta da dokar jihar, sai ka tambaya. Guraben hunturu a Fulorida, Texas da Arizona ana rububinsu, domin duk mai gudun ƙanƙarar arewa can yake nufa, har akan cika su kusan shekara guda kafin lokaci.

Sauran ƙofofi biyu

Hukumar filayen gwamnati, BLM, tana da ƙasa fiye da ta dazuzzuka, kusan duka a yamma, kuma zangunanta sun fi kowanne ƙarancin kayan more rayuwa. Tana da wuraren dogon zama a hamada kusa da Quartzsite a Arizona, masu buɗewa daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, inda ake ɗaukar masu masauki. Rundunar Injiniyoyin Soja kuma tana kula da madatsun ruwa da tafkuna sama da 400, kuma gurabenta na daga cikin mafi kyau. Tana ɗaukar 'yan sa kai, tana kuma ba da kwangilar tsaron ƙofa ga wanda ya yi tayi mai kyau, amma kwangila kasuwanci ce, da rajista da haraji a kanka.

| | Sa kai a dajin ƙasa | Kamfani a dajin ƙasa | Gandun ƙasa | Gandun jiha |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Babu albashi, wani lokaci guzuri | Albashi bisa sa'a | Babu albashi | Babu albashi |
| Wuta da ruwa | Sau da yawa babu ko rabi | Galibi akwai wani abu | Ya danganta da wuri | Galibi cikakke |
| Nauyin aiki | Matsakaici | Mai nauyi | Hulɗa da jama'a da yawa | Sauƙi zuwa matsakaici |
| Tsawon zama | Yawanci rani guda | Rani guda | Watanni | Daga wata ɗaya |
| Sauƙin samu | Da sauƙi a wurare masu nisa | Ya fi kowanne sauƙi | Da wuya a shahararru | Da sauƙi, ban da hunturun kudu |
| Taimako in rigima ta tashi | Nesa | Manajan yanki | Kusa | Kusa |
| Katin sa'a 250 | E | A'a | E | A'a |

Lissafin da ya kamata ka yi da biro

Kalmar kyauta tana ruɗi. A matsayin misali, a ce gurbin da aka ba ka ana biyan dala 30 a kwana, wato dala 900 a wata. In kana aikin sa'a 24 a mako, kusan sa'a 100 ke nan a wata, sa'arka ta tashi dala 9. In ku biyu ne kowa da nasa sa'o'in, raba biyu. In gurbin na dala 15 ne marar wuta, kai ke sayen man janareta, to gaskiya kai ke biyan kuɗi don ka yi aiki. Wannan ba laifi ba ne ga wanda zaman dajin yake so, amma wanda ke neman rufin asiri ya san inda ya sa ƙafa. Ƙara da kuɗin zuwa: babbar motar kwana ba ta cika wuce mil goma da galan guda ba. Kusan duk waɗannan wurare suna sa ran ka zo da motarka ko tirelarka. Ƙalilan ne ke ba da ɗaki ko yarda da tanti. Kada ka sayi mota don wannan aiki kafin ka gwada wata ɗaya da ta aro ko ta haya.

Haɗari da abin da ya shafe mu

Gobarar daji ce babba a yamma, daga Yuli zuwa Satumba. In aka sa dokar hana kunna wuta, kai ne za ka gaya wa iyalin da suka yi tafiyar sa'a biyar cewa ba gashin nama yau, kuma kai ne za ka buga ƙofofi in aka ce a kwashe. Ka san hanyar fita ta biyu tun ranar da ka iso. A yankin da ke da beyar, wata babbar dabbar daji mai bin ƙanshin abinci, abinci da shara da ko man goge baki a akwatin ƙarfe suke kwana. Kashin ɓera a rumfar ajiya ba a share shi a bushe, sai an jiƙa shi da ruwan bilic, saboda cutar hantavirus da ɓeraye ke yaɗawa, wadda ta kashe baƙi a Yosemite a 2012. A arewa maso gabas da yankin manyan tafkuna kuma kaska ce abin tsoro.

Musulmi ya yi tunanin abu uku. Masallacin Juma'a na iya zama tafiyar sa'a biyu ko uku, kuma Juma'a ce ranar da baƙi ke kwararowa, don haka a nemi ranakun hutu tun kafin sa hannu. A 'yan shekarun nan Babbar Salla tana faɗowa daidai lokacin buɗe zanguna ko kusa da shi. Naman halal sai an yi guzurinsa, wanda ke nufin firji, wanda ke nufin wuta, mun koma kan ma'auni na biyu. Sannan karnuka: baƙi da yawa da su suke zuwa, doka ta ce a ɗaure su da igiya, kai ne mai tunatarwa, kuma za su shinshine ka. Kwalaben giya ma kai za ka tsince.

Batun takardu kuma ba wasa. Ana binciken tarihin mai nema, sau da yawa har da zanen yatsu. Aikin kamfani sai mai izinin aiki. Wanda ya je da bizar ziyara kada ya ɗauka sa kai ba aiki ba ne, domin gurbin kyauta da guzuri ana iya kallonsu a matsayin lada. Ya tambayi lauyan shige da fice tukuna.

Wa ya dace da wanne

In fanshonka ya ishe ka, kana da sola da babban tankin ruwa, kana iya gyaran ƙananan abubuwa da hannunka, kuma shiru kake nema, ka kira ofishin gundumar dajin ƙasa ka nemi ƙaramin zango. In kana bukatar kuɗi su shigo, kuma bayanka da gwiwarka lafiya lau, kamfani ne naka, a jihar da albashinta ke da tsoka, bayan an rubuta maka yadda ake ƙirga sa'o'i. Mai son hira da koyar da baƙi, wanda ba ya son ya zama shi kaɗai in dare ya yi, ya nemi gandun ƙasa, ya fara da ƙanana. Mai shan magani kullum, ko mai injin numfashi na barci da ke bukatar wuta duk dare, ko wanda ba zai iya rabuwa da Juma'a da waya ba, gandun jiha kusa da babban gari ko tafkin Injiniyoyin Soja. Mace mai zuwa ita kaɗai ma zan ce ta fara da inda ma'aikata ke kwana a wurin. Wanda kuma hunturu yake son gujewa ba rani ba, ya nemi Fulorida ko Texas tun shekara guda kafin lokaci, in bai samu ba ya gwada hamadar Arizona wurin BLM, da tankin ruwansa cike.